Yadda za ka yi da rigakafin dabbobi mai haɗin mai

Ka san rigakafin nan fari kamar madara, mai ɗan kauri? Farin mai ne da ake tacewa daga ɗanyen man fetur aka dama da ƙwayar cutar da aka kashe, man ke riƙe maganin a wurin allurar yana sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ya sa kariyar ke daɗewa.

Ajiye shi a firij, digiri 2 zuwa 8, kar ka bari ya daskare don man da ruwan da ke cikinsa rabuwa za su yi, shikenan ya tashi aiki. Fito da shi sanyin ya sake shi tukuna, ka girgiza sosai, in ba haka ba sirinji da ƙyar zai ja. Ga kaji dai, galibi ƙarƙashin fatar bayan wuya ake yin allurar, yawanci rabin mililita (0.5 ml), amma duba jikin kwalba. Ɗan kumburi kan fito a wurin.

In kuwa ka soki yatsanka, ko ɗigo ne, kar ka tsaya wai ai ba zafi, wuce asibiti da kwalbar a hannu, man nan yana iya kashe naman yatsa har a kai ga yankewa.