Yadda za ka sayo insulin da rigakafi ka kawo su Kebbi da ƙarfinsu

A watan Agustan 2023 kamfanin GSK na Ingila ya sanar da cewa zai rufe reshensa na Najeriya, ya bar wa dillalai rarraba magungunansa. A Nuwamban shekarar, Sanofi na Faransa, mai yin insulin ɗin Lantus, ya bi sahu. Magungunan ba su ɓace ba, amma sun yi tsada, kuma hannuwan da kwalba ke bi kafin ta iso Birnin Kebbi sun ƙaru. Gwamnati na son cike giɓin daga gida. Tana da haɗin gwiwa da May & Baker mai suna Biovaccines don yin rigakafi, a 2022 hukumar NAFDAC ta kai mataki na 3 a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2023 kuma aka kafa shirin da ke son kashi 70 cikin 100 na magungunanmu su zama na gida nan da 2030. Muna fatan hakan da gaske. Sai dai masana'antar rigakafi ta Yaba ta tsaya tun 1991, kuma ko R21, rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara yi wa yaran Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, a Jami'ar Oxford aka ƙirƙiro shi, kamfanin Serum na Indiya ke yin sa.

Saboda haka, kai mai famasi a Jega ko mai kula da ɗakin ajiya a asibitin Argungu, duba na ƙarshe a hannunka yake. Insulin, rigakafi, oksitosin (allurar tsayar da jini bayan haihuwa) da maganin dafin maciji ba kamar farasitamol ba ne. Zafi na rage musu ƙarfi a hankali, ƙanƙara na lalata wasunsu a dare guda, kuma yawanci kwalbar ba ta nuna komai. Yawancinsu digiri 2 zuwa 8 suke so, tun daga masana'anta har zuwa allura.

Kafin ka biya

Nemi dillali ya nuna maka lasisinsa na PCN, hukumar da ke kula da harkar famasi, da takardar da ke nuna daga wa ya karɓo kayan. Duba lambar NAFDAC a kwalin, ka bincika ta a rajistar hukumar mai suna Greenbook: sunan magani, ƙarfinsa da sunan kamfani su yi daidai da abin da ke hannunka. Lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki da ke kan kwali su zama su ne a kan kwalba, a kuma rubuta su a rasit. Idan kwalin na da wurin kankarewa, kankare ka tura lambar ta saƙon waya kamar yadda aka rubuta a kwalin, don a tabbatar maka ba jabu ba ne. Wanda ya ajiye insulin a kan kanta yana cewa "yanzu na fito da shi daga firji", bar masa kayansa, komai arha.

Hanya

Daga Legas ta Ilori, Jebba, Kontagora da Yawuri tafiya ce mai tsawo, kuma a Maris zuwa Mayu zafin nan yakan haura digiri 40. Amma abin da ya fi lalata kaya a hanya ƙanƙara ce. Mutum ya ciro robobin ƙanƙara daga firiza ya jera kwalaben insulin a kansu, yana ganin ya kyauta. Robar da ta fito daga firiza tana ƙasa da sifili sosai, duk kwalbar da ta jingina da ita za ta daskare. Shimfiɗa robobin a kan tebur tukuna, ka riƙa girgiza su har ka ji ruwa na motsi a ciki. Sai ka goge su, ka jera su a gefunan kula, magani a tsakiya cikin kwalinsa, ma'aunin zafi tare da shi. Ƙaramar jakar rigakafi robobi 4 take ɗauka, ta tafiyar yini ce. Doguwar tafiya sai babban akwatin sanyi. Kada a sa kula a but ko a saman mota. Direba ya san abin da ya ɗauko, kuma wani ya tarye shi a tasha.

Da kaya sun iso, karanta ma'aunin kafin ka fitar da komai, ka rubuta. Kwalaben rigakafi na da ɗan tambari: murabba'i a cikin da'ira. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, ana amfani da ita. Idan launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, ta tashi daga aiki. Tambarin zafi kaɗai yake nunawa, bai san daskarewa ba.

Gwajin girgiza

Wannan shi ne gwajin da aka fi mantawa, kuma shi ke raba gardama idan ana zargin penta (rigakafin cututtuka biyar), rigakafin ciwon hanta ko na tetanus sun daskare. Ɗauki kwalba ɗaya daga rukunin, ka rubuta mata "daskararriya", ka sa ta a firiza aƙalla awa 10 har ta yi tauri. Fito da ita ta narke da kanta. Riƙe ta tare da wadda kake zargi a hannu ɗaya, ka girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ajiye su gefe da gefe a wurin haske. A daskararriyar za ka ga gari ya dunƙule ya kwanta da sauri, saman ya washe. Idan wadda ake zargi ta daɗe tana gauraye kamar madara, lafiyarta ƙalau. Idan ta kwanta tare da daskararriyar, an rasa ta. Dalili shi ne sinadarin alminiyam da ke cikin rigakafin yakan dunƙule idan ya daskare, ba ya kuma warwarewa. Gwajin ba ya aiki a kan insulin. Insulin da ya taɓa daskarewa zubarwa ake yi.

Firji

Firjin magani nasa ne shi kaɗai, ban da zoɓo, ban da ruwan leda na sayarwa, domin yawan buɗewa ke kashe sanyi. Magani a tsakiya, nesa da bangon baya inda ƙanƙara ke taruwa, ba a ƙofa ba. Cika ƙasa da ƙofa da gorunan ruwa. Su ke riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Karanta ma'auni safe da yamma, har ranar Juma'a da Lahadi, a takardar da ke manne a jikin firjin. Mai kusa da ƙarewa ya zauna a gaba. Idan wuta ta daɗe, kada a buɗe, a shirya kula tun kafin ma'auni ya kai 8. Wanda ke da hali ya sayi firjin sola na rigakafi, irin da ke tara sanyi da rana ba tare da batir ba. Rigakafin ƙyanda, BCG (na tarin fuka) da na shawara, da zarar an haɗa su da ruwansu, awa 6 ne iyakarsu ko ƙarshen zaman rigakafin.

Idan an canja wa majinyaci insulin

Nan ne ficewar manyan kamfanoni ta fi taɓa masu ciwon suga. Wanda ya saba da samfuri ɗaya yanzu ana miƙa masa wani, sau da yawa na Indiya. In yana da rajista, wannan ba aibu ba ne, amma likita ne zai canja. Abin da muke roƙon ka duba kowane lokaci shi ne ƙarfi: akwai mai yunit 40 a mililita ɗaya, akwai mai 100, kuma kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai 100 da sirinjin 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi, suga zai faɗi, yana iya suma. Ajiye kwalba da sirinji a gabansa ka nuna masa lambobin biyu da yatsa. Insulin mai saurin aiki garau yake kamar ruwa. Mai gauraye ana mirgina shi a tafin hannu har ya yi fari bai ɗaya. In ya yi gudaji ko ya manne a jikin kwalba, a bar shi.

Ga wanda ba shi da firji a ƙauye, kwalbar da aka fara amfani da ita kan yi kusan kwana 28 a wuri mai sanyi, ka duba takardar kamfanin. Ya rubuta ranar buɗewa, ya sa ta a robar da ruwa ba ya shiga, ya binne a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa a inuwa.

Oksitosin na ɗakin haihuwa ma firji yake so. Wanda ya sha zafi ba ya tsayar da jini yadda ya kamata, shi ya sa ake ganin ana ƙara allura kan allura. Maganin dafin maciji kuwa, tambayi macizan da aka yi shi dominsu: wanda aka haɗa don macizan Indiya ba abin dogaro ba ne a kan kububuwarmu. Wanda ake kira EchiTAb da dafin macizan Najeriya aka tsara shi, aka yi shi a Birtaniya da Kosta Rika. Sayo shi kafin damina, lokacin da manoma ke shiga gona da fadama.