Yadda ake sayen kayan gwari a kasuwar Yankaba ba tare da an yi maka wayo ba

In dai kwando kake so ba kashin ɗari biyu ba, to Yankaba za ka nufa, nan kan titin Haɗeja a Kano. Amma fa ka yi sammako, da an idar da sallar asuba ka kama hanya, don a lokacin ne motoci ke sauke kaya daga gona, in ka bari rana ta take sai dai ka sayi abin da 'yan sari suka tsince suka bari.

Ka fara sanin daga ina kayan suke zuwa. Tumatirin rani yawanci na Kadawa ne da Kura da Garun Malam, wuraren da ke shan ruwan dam ɗin Tiga wanda aka gina zamanin Audu Bako a shekarun 1970, kuma dam ɗin nan ne ya sa noman rani ya kankama a yankin har ake loda tireloli zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Dankalin Turawa kuwa na Jos ne. Sanin wannan shi zai gaya maka lokacin araha, daga Janairu zuwa Maris kaya a yashe suke, amma da damina ta kawo kai tumatir sai ya koma na masu hali. Dattawan kasuwa har yanzu suna ba da labarin 2016 da tsutsar sharon ta cinye gonaki, mutane suka koma miyar busasshen tumatir da na gwangwani.

Da ka shiga kar ka yi tayi a rumfar farko. Zagaya, ji farashi wajen mutum uku ko huɗu tukuna. Manomi ba kasafai yake sayar da kayansa da kansa ba, dillali ne a tsakani kuma yana da la'adarsa, kar ka ga kamar cuta ce, haka tsarin yake tun fil'azal. Gaishe shi da kyau, Alhaji ya kasuwa, ya iyali, sannan ku shiga ciniki. In ya ce albarka to ka ƙara kaɗan, in ya ce na sallama magana ta ƙare, kar ka zo kana janyewa, abin kunya ne.

Sai babban abu, gindin kwando. Saman kullum jajir ne mai ƙyalli, zura hannu ta gefe ka taɓa na ƙasa, in ka ji laushi ko kwandon na ɗigar ruwa ka wuce kawai. Irin tumatirin da ake kira UTC ya fi jure ajiya saboda tauri. Albasa kuma matsa wuyanta, in ya bushe ƙalau ce.

Ɗan dako ku daidaita kuɗi kafin ya ɗora kaya a baro, kuma ka bi bayansa har bakin adaidaita, cunkoson wajen ba wasa ba ne. Ka taho da kuɗi a hannu, don transfa a Yankaba in netwok ya ƙi sai ka yi awa guda a tsaye kana jiran alat ya shiga.