Darasi na Bakwai: Ciwon Ciki da Wahalar Numfashi a Jikin Kyanwa

A gidajenmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 ana ajiye kyanwa saboda ɓera, amma ba kowa ya san cewa mage tana ɓoye ciwo ba. Sai ta lafe a ƙarƙashin gado, kafin a farga abu ya yi nisa. Wannan darasi zai nuna ciwon da za a iya kulawa da shi a gida, da wanda sai an garzaya wurin likitan dabbobi.

Amai da zawo

Kyanwa tana lasar jikinta tana haɗiye gashi. Idan ta amayar da dunƙulen gashi jefi-jefi, kuma ta ci gaba da cin abinci da wasa, ba abin tsoro ba ne. Taje mata jiki yana rage shi. Amma amai fiye da sau uku a yini, ko mai jini, wannan ciwo ne.

Yawancin zawon da ake gani daga kwanon abinci yake fitowa. Madara na cikin abubuwan da ke jawo shi: da zarar an yaye kyanwa, hanjinta ba ya narkar da sukarin madara sosai, sai ruwa ya taru a ciki ta yi ta gudawa. Sai ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata ƙwayoyin jininta. Ga zafi da damshin Legas, ga ɗauke wuta, kifin da aka bari a kwano tun safe ya riga ya lalace kafin la'asar.

Idan babbar kyanwa ce kuma tana da kuzari, a ɗauke abinci na awa 6, a bar mata ruwa mai tsafta. Bayan haka a ba ta dafaffen naman kaza ba gishiri, ba magi, ba yaji, ba ƙashi, cokali ɗaya ko biyu duk bayan awa 4. In ciki ya lafa, a mayar da ita kan abincinta a hankali cikin kwana 2 zuwa 3. Kada a hana 'yar jaririyar kyanwa abinci, don sukarin jininta na faɗuwa da sauri. Ita ma babbar, in ta ƙi ci sama da awa 24 a kai ta asibiti, domin doguwar yunwa tana tara mata kitse a hanta.

Abin da ke kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ɗaga fatar da ke tsakanin kafaɗunta a saki. Idan ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya a tattare, kuma dasashi ya bushe yana danƙo, tana bukatar ƙarin ruwa a asibiti.

Abu mai kama da ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya tsutsar ciki ce da ake ɗauka ta haɗiye ƙuma. Ana ba babbar kyanwa maganin tsutsa duk wata 3, gwargwadon nauyinta, a kuma kashe ƙumar. Idan aka ga zare ya leƙo daga bakinta ko duburarta, kada a ja, zai iya yanka hanji. Shi kuwa muzurun da ke ta yunƙuri ba abin da ke fita, ba lallai ne kashi ya yi masa tauri ba, sau da yawa fitsari ne ya toshe, kuma yana kisa cikin kwana 2 ko 3.

Numfashi

Atishawa, majina da kwantsa alamun murar kyanwa ne, tana kuma yaɗuwa tsakanin maguna, don haka a ware mai ciwon. A goge hanci da ido da auduga da ruwan ɗumi. A zauna da ita minti 10 a banɗaki kusa da bokitin ruwan zafi don tururi ya sassauta majinar, a riƙe ta kada ta ƙone. A ɗumama abincinta, domin magen da ba ta jin ƙamshi ba ta ci. Rigakafin murar ana fara shi kyanwa tana da mako 8 zuwa 9, a maimaita bayan mako 3 ko 4.

Wadda ke durƙusawa ta miƙe wuya tana tari, ana zaton gashi take son amayarwa, alhali sau da yawa asma ce. Turaren wuta, hayaƙin janareta, maganin sauro na kunnawa, ƙurar hunturu da funfunar bango lokacin damina duk suna tayar da ita. Uwargida, in za ki turara ɗaki, fitar da kyanwar tukuna har hayaƙi ya washe. Fiya-fiya da Sniper guba ne gare ta, ko da a ƙafa ta taka ta lasa.

Kare yana haki da baki buɗe lafiya lau, kyanwa ba haka take ba. Numfashi ta baki, ko dasashi ya yi fari ko shuɗi, ba a jira gari ya waye. A sa ta a kwando mai shigar iska, ba buhu ba, kada a ɗura mata komai, a kira likita tun ana hanya saboda cunkoson motoci.

Muna roƙo da babbar murya: kada a ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. In ta sha shi, sai fuska ta kumbura, dasashi ya yi ruwan ƙasa. Haka maganin ƙumar kare, kada a shafa mata.

Aikin gida

Yayin da kyanwarku ke barci, ku dubi haƙarƙarinta. Ɗagawa da sauka lissafi ɗaya ne. Ku ƙirga na daƙiƙa 30, ku ninka biyu. Mai lafiya ba ta cika wuce 30 a minti ba. In ya haura 40 tana kwance, a kai ta likita ranar. Ku rubuta adadin da kwanan wata a littafinku, ku kawo aji.