Kafin ku yaɗa labarin an gano ɓoyayyen abu

Jama'a, in kun ji an ce an hango ɓoyayyen abun nan na sararin samaniya da ba ya fitar da haske, wanda ake kira "dark matter" da Turanci, ku fara duba sigma nawa aka samu, wato ma'aunin da ke nuna yadda sakamako ya zarce abin da dace kawai zai iya kawowa. Sai an kai 5 ake cewa an gano.

A 2020 gwajin XENON1T mai neman wannan ɓoyayyen abu, ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, ya ƙirga alamu 285 inda ake sa ran 232 daga hayaniyar na'urar, wato alamun da take ƙirgawa ko da babu ɓoyayyen abun. Sigma 3 da ɗoriya ne, aka yi ta murna, ni ma har da ni. Su masu binciken sun faɗa cewa ɗan ɓurɓushin tiritiyom, wani nau'in haidurojin mai fitar da radiyeshon, zai iya jawo hakan. Da XENONnT, gwajin da ya gaje shi, ya duba a 2022, rarar ta ɓace.

Ku karanta yadda masu bincike suka ƙiyasta hayaniyar na'urar tukuna.