Kurakuran da ƙungiyoyinmu ke ta maimaitawa wajen neman tallafin noman gargajiya

Jama'a na gaji wallahi. Duk shekara sai an turo min takardun neman tallafi in duba wa mutane kafin su aika, kuma kurakuran nan dai su ne, na bara su ne na bana. Bari in zube su a nan kowa ya ɗauki nasa.

Da farko ku san wa ake nufi da tallafin. Akwai asusun da IFAD, hukumar bunƙasa noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware wa al'ummomin asali, wato IPAF, sai ka ga mutum ya cika fom ya liƙa takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma yana ganin ya cika sharaɗi. Ba wannan suke nufi ba. A Afirka al'ummomin da ake sa wa wannan suna su ne irin Mbororo na Kamaru da Chadi, da Buzaye, da Masai na Kenya, da mutanen dajin Kwango, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan kiwo ko daji kuma aka daɗe ana tura su gefe. In ƙungiyarku ta manoman gero ce a Daura ko Tasawa, ku duba shirin ƙananan tallafi na GEF, asusun kare muhalli na duniya, da ke ƙarƙashin UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 1992 ake yinsa, kuma ƙungiyoyin ƙauye yake nema. Amma sai da rajista da akawun na banki da sunan ƙungiya, ba akawun ɗin shugaba ba.

Sai masu rubuta noman gargajiya a kan takarda, a cikin bajet kuma tarakta da buhunan takin zamani da feshi. Mai karantawa ba yaro ba ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne muna da abin nunawa amma muna jin kunyarsa. Sassabin zamani da aka fara a Maradi wajen 1983, inda manomi ke barin tohon kututture ya zaɓi rassa biyu uku ya sassabe sauran, shi ya mayar da itatuwa a kan kadada kusan miliyan 5 a Nijar ba tare da an dasa ba. Gawo da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana ya kuma ba shi taki, kakanninmu sun san shi. Tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki su riƙe ruwa, da manoman Illela ta Nijar suka gano a Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka dawo suka gyara tasu. Wannan za ku rubuta, da sunan wanda yake yi a garinku da shekarun da ya yi yana yi.

Yanzu ga wanda ya ƙona min rai, maganar fili. Wata ƙungiyar mata na taimaka wa muka samu tallafi, wani dattijo ya ba su aron fako, ƙasa ta yi tauri kamar siminti ko ciyawa ba ta fitowa, ya ce ku je ku yi ta nomawa ni ba na komai da shi. Da baki kawai. Na ce a rubuta, aka ce haba ai Baba ne, rubutu kamar rashin yarda ne, ni kuma na yi shiru. Matan nan suka yi rani guda suna haƙa tassa, rami bayan rami, hannu duk kanta, suna ɗauko taki a kwando a ka suna zubawa, gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwa ya fara zama. Shekara ta biyu gero ya yi kai wanda duk mai wucewa sai ya tsaya. Shekara ta uku dattijon ya rasu, magada suka zo suka ce gonar ubansu ce, kuma gaskiyarsu ce, ba mu da ko layi ɗaya a rubuce. Shugabar matan ta kalle ni ta ce, Malam, yanzu wahalarmu ta tafi ke nan? Har yau ban samu amsar da zan ba ta ba. Don haka ni yanzu ba na taɓa takardar kowa sai na ga yarjejeniyar fili a rubuce, shekara nawa, iyaka daga ina zuwa ina, itacen da ya tsiro na wa ne, mai gari da liman su sa hannu, kuma manyan 'ya'yan mai filin su ma su sa, wannan na ƙarshen shi ake mantawa. A Nijar ma dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, ku kai musu su buga hatimi. In an ce kunya, ku ce masu ba da kuɗin ne suka sa sharaɗi.

Lokaci ma haka. Tassa da ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata aikin rani ne, kuɗi kuma sau da yawa sai ya makara ya shigo ruwa ya riga ya sauka. Ni watanni uku nake ƙarawa a jadawali tun farko, wasu na cewa ya yi yawa, ni dai ban taɓa nadama ba.

Kada rabin bajet ya tafi a bita da alawus da lemo. Kada ku biya mutane kuɗi a kan kowane rami, ranar da kuɗin ya ƙare ranar za a ajiye diga, gara ku sayi kayan aiki da amalanke na ɗaukar taki su zama na ƙungiya. Rasit kuwa ko na igiya ne a ajiye, a kasuwar ƙauye da ba rasit ku riƙe littafi mai sayarwa ya dangwala.

Kuma don Allah ku daina rubuta aikin itatuwa ba ku zauna da makiyaya ba. Tohon da kuke rainon nan dabba ce za ta fara cinye shi in ba a yi magana ba. Ku je wajen ardo tun kafin ku cika fom, ku daidaita burtali da lokacin sakin dabbobi, ku ma kuna buƙatar kashin shanunsa a ramukanku, sannan ku sa sunan wakilinsa a kwamiti.