Yadda ake shirya wasan kwaikwayo mai girgiza zuciya ya kuma rarrashe ta

Wasan dandamali na minti 30, a filin makaranta ko ƙofar gidan mai unguwa, ya isa ya tayar wa 'yan kallo hankali kuma ya sallame su da sanyin zuciya. Kanawa sun saba da irin wannan, domin tashen da ake fara yi daga goma ga azumi yana ba da dariya yana kuma zungurar gwauro da marowaci.

Ɗauki matsala ɗaya tak, misali faɗan daba. In ka haɗa da shaye-shaye da mutuwar aure, babu wadda za ta kama mai kallo. 'Yan wasa biyar ko shida sun isa.

Minti takwas na farko na sa mutane su so yaron da za a kashe a faɗan ne. A gan shi yana tsokanar ƙanwarsa a kan ƙosai, uwar tana cewa "Kai dai ba ka girma." Wanda ba a so ba, ba a jin zafin rashinsa. Ɗan barkwanci ma a nan aikinsa yake, kada ya wuce minti na 12, in ba haka ba da ya leƙo za a fashe da dariya.

Girgizar ta zo wajen minti na 18. Kada a nuna sara ko a zuba jan kala a riga, yaran da ke sahun gaba shewa za su yi, manya kuma su kau da kai. Abokinsa ya shigo tsakar gida riƙe da takalmin yaron, ya durƙusa ya ce, "Mama, sai haƙuri." Uwar kada ta kurma ihu. Ta ci gaba da tankaɗe na daƙiƙa goma, sannan rariyar ta suɓuce mata. Mai kiɗa ya jira har rariyar ta faɗi, don in ya riga ta ya tona abin da ke tafe.

Wajen rarrashi ne aka fi yin kuskure. Ana kawo malami ya yi wa'azin minti biyar, ko a ce ashe yaron suma ya yi. Na farko yana gundurar mutane, na biyu kuwa cin fuska ne ga uwar da ta binne nata ɗan da gaske, kuma mai yiwuwa tana cikin taron. Abin da ke aiki shi ne maƙwabciya ta shigo da kwanon tuwo, ta zauna kusa da ita, ta ce, "Yaya, ki daure ki sa wani abu a cikinki." A ba wannan minti bakwai cur.

In za a ɗauka a bidiyo don fitarwa kasuwa, a bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. A fara wasa da an idar da la'asar, a gwada lasifika tun kafin nan, don kada kiran magariba ya watsa taro ana tsakiyar makoki.