Yadda Ake Shirya Tafiyar Mota Daga Kano Zuwa Kurmin Kuros Riba

Bakano ya saba jin kalmar kurmi a sunan kasuwa, amma wanda yake son ganin kurmi na gaske, inda bishiyoyi suke haɗe kai har su tare hasken rana, sai ya kama hanyar Ikom da ke jihar Kuros Riba. Daɗin wannan tafiya yana cikin ganin yadda ƙasa take sauya kama sannu a hankali, don haka shawarata ita ce a raba ta kwana uku.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, domin ruwa ya fara ɗaukewa a Arewa kuma gonaki ba su bushe ba. A Kudu kuwa ana ci gaba da ruwa, saboda haka kafin a tashi a kai mota wurin bakanike ya duba birki da tayoyi da waifa, a tabbatar safaya tana da iska, a kuma haɗa takardun mota wuri ɗaya don shingayen bincike.

Ranar farko a fita bayan sallar asuba ta titin Zariya. Da an kai Kura da Kadawa ya kamata direba ya rage gudu, domin nan ne gonakin shinkafa suke shimfiɗe dama da hagu, suna shan ruwan da magudanai suke kawowa daga madatsar Tiga, ga balbelu farare tas suna bin kunyoyi. A Kwanar Dangora sai a karkata zuwa Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore. Wannan daji ba a tsayawa a cikinsa, ba a kuma shigarsa da yamma, kuma yana da kyau a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a taso. Daga nan sai gonakin masarar Saminaka, sai hawan duwatsu zuwa Jos, inda za a kwana. A riƙe rigar sanyi.

Kashegari a gangara ta Akwanga da Lafiya, a haye gadar kogin Binuwai a kwana a Makurɗi. A wannan zango ne kunyoyin dawa suke komawa manyan tulluwan doya, lemo kuma jibge a bakin titi.

Rana ta uku ita ce wadda aka fito dominta. Bayan Gboko da Ogoja iska takan yi nauyi da danshi, kwakwar manja da ayaba su yawaita, har a iso gonakin koko na Ikom, inda 'ya'yan suke fitowa a jikin kututturen bishiya maimakon ƙarshen rassa, abin da yakan sa baƙo ya tsaya ya ƙura ido. A sauke gilashi a kashe rediyo, domin ƙarar tsuntsaye da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa suna cikin abin da aka zo nema. Kusa da garin akwai magangarar ruwan Agbokim, a wannan yanki ne kuma Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, yake. Ba a shiga cikinsa sai da izini da ɗan jagora.

A cika tanki a kowane babban gari, a riƙe guzurin kilishi da ruwa, sannan a tambayi unguwar Hausawa a duk inda aka sauka, domin a can ake samun masallaci da abincin da aka saba da shi.